Yadda Ake Kafa Sensa a Gini Don Gyara Iskar Ɗaki da Rage Cin Wuta

Na daɗe ina aikin wayarin da haɗa sola a nan Birnin Kebbi, kuma ƙorafi biyu na fi ji daga bakin masu gini. Wani ya ce kati ba ya jimawa a mita, man janareta kuma kamar a rariya ake zuba shi. Wani ya ce mutanensa da azahar ta gabato sai hamma, sai ciwon kai, sai kasala, alhali esi na aiki. Sau da yawa tushen abin ɗaya ne. Mun rufe ɗaki ruf don kada sanyi ya fita, iskar ciki ta lalace. Mun buɗe taga, zafi da ƙura sun shigo, esi ya yi ta fama. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a sha'anin iska ido ba ya ganin komai, hanci ma cikin 'yan mintuna yake sabawa. Aikin sensa, wato ƙaramar na'ura mai auna abin da ke faruwa a wuri, shi ne ta gaya maka lokacin buɗewa da lokacin rufewa, da abin da ke ci maka wuta ba ka sani ba.

Kayan da za ka tanada

Na jero su bisa muhimmanci. Idan kuɗi bai kai ba, ka fara saye daga sama.

Ƙararrawar kabon monokzayid, wato iska mai guba da ke cikin hayaƙi. Za ka ga an rubuta CO a kwalinta. Ka nemi mai batir, ka juya bayanta ka duba ranar ƙarewar aiki, don yawancinsu shekara 5 zuwa 10 suke yi sinadarin cikinsu ya mutu.

Sensar CO2, wato iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi. A nan ake yawan cutar mutane. Ta gaske za ka ga an rubuta NDIR, ko sunan ƙwayar da ke ciki kamar SCD30, SCD41, MH-Z19B ko Senseair S8. Wadda aka rubuta wa eCO2, kintace take yi daga ƙamshi da warin da ke ɗaki, ba ta auna CO2 ɗin kansa. Ka bar musu kayansu komai arharta.

Sensar ƙura mai nuna PM2.5, wato ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da ke shiga huhu, irin su PMS5003 ko SPS30. Sai ta zafi da laima kamar SHT31, amma idan ka sayi SCD41 ta riga ta haɗa da waɗannan biyun.

Mitar cin wuta mai zobe da ake maƙala wa waya, irin Shelly EM ko PZEM-004T.

Sensar gane ko akwai mutum a ɗaki: ko ta motsi da ake kira PIR, ko ƙaramar rada irin LD2410.

Ƙaramar na'ura mai kwaikwayon rimot ɗin esi, kamar Broadlink RM4 mini.

Allon ESP32 ɗaya ga kowane ɗaki (ƙaramin allon lantarki ne mai karɓar lambobin sensa ya tura ta Wi-Fi), rawuta ko MiFi, da tsohuwar kwamfutar cinya ko ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da za ka ɗora wa Home Assistant, manhajar da ke tara lambobin tana sarrafa na'urori, wadda kyauta ce. Ƙaramin batirin ajiya na rawuta, shi ma dole ne.

Kayan hannu: testa, malti-mita, sukudireba, filaya, tef, wayoyin haɗi, tsani, da guntun ragar sauro. Sai littafi da biro, waɗanda za su yi maka aiki fiye da yadda kake zato.

Idan ba ka son haɗe-haɗe, akwai na'urori haɗaɗɗu da sai dai ka kunna kawai, kamar Aranet4 mai auna CO2 da batir, ko AirGradient mai haɗa CO2 da ƙura. Sun fi tsada, amma sun raba ka da mataki na 4. Ban faɗi farashi ba saboda kayan nan dala suke bi, abin da na saya bara ba shi ne na bana ba.

Mataki na 1: Zagaya ginin ka yi tambaya

Kafin ka buɗe kwali ko ɗaya, ka zana taswirar ginin a littafi. Ina janareta yake, kuma bakin salansarsa wace taga yake kallo? Ina kicin, da me ake girki, gas ko gawayi ko itace? Wane ɗaki ne ke kallon yamma, rana na dukan bangonsa daga la'asar? Wane ne ba shi da silin, kwano ne kai tsaye? Mutum nawa ke zama a kowane ɗaki, daga ƙarfe nawa zuwa nawa?

Kada ka tsaya ga maigida kaɗai. Ka tambayi maigadi da mai shara, idan gida ne ka nemi a tambayo maka uwargida. Maigadi ne ya san esin da ake bari a kunne har dare, uwargida ce ta san lokacin da ake sa turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi. Ka leƙa maƙwabta ma: ko akwai inda ake ƙona shara, ko injin casar shinkafa da ake tara buntu a bayansa, ko titi marar kwalta da babura ke tayar da ƙura.

Daga nan ka zaɓi ɗaki biyu ko uku da suka fi cika da mutane ko suka fi cin wuta. Da su za ka fara.

Mataki na 2: Ɗaura ƙararrawar CO a ranar farko

Wannan ba ya jiran komai. Kabon monokzayid ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana kashe mutum cikin barci. Daga janareta yake fitowa, da kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu. Alamominsa na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, shi ya sa ake ɗaukarsa zazzaɓin cizon sauro a sha magani a koma a kwanta a ɗakin da ya jawo shi.

Ka ɗaura ƙararrawa a kusa da ɗakunan kwana, da kuma ɗakin da ya fi kusa da janareta. Nauyin wannan iska kusan ɗaya ne da na iskar ɗaki, don haka bango daidai tsayin kai ya yi. Ka danna maɓallin gwaji a gaban mutanen gidan su ji ƙararta, ka gaya musu: idan ta yi kuka, kowa ya fita waje, a kashe janareta, a buɗe ƙofofi, wanda ke jin jiri a kai shi asibiti nan take, a gaya wa likita hayaƙi ya shaƙa.

Janareta kuwa ya yi nisan akalla mita 6 daga taga da ƙofa, salansa na kallon waje. Zaure da baranda da ƙarƙashin bene ba wurinsa ba ne, ko da tsoron ɓarayi ne ya sa aka shigar da shi. A yi masa keji a tsakar fili.

Kada ka haɗa wannan ƙararrawa da na'urar gano yoyon gas ɗin girki. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, na'urarsa kusa da daɓe ake sa ta. Ɗaya ba ta aikin ɗaya.

Mataki na 3: Gwada sensa kafin ka ɗaura

Ka fitar da sensar CO2 waje cikin inuwa, nesa da janareta da titi, ka bar ta minti 20, kai ma ka matsa. Iskar waje a yanzu tana da kusan 420 ppm, wato kashi 420 cikin miliyan. Idan ta nuna tsakanin 400 da 450, lafiya. Idan ta yi nisa da haka, ka yi mata saiti a nan wajen yadda takardarta ta nuna.

Sai gwaji biyu. Ka hura mata numfashi daga ɗan nesa: numfashin mutum yana ɗauke da kusan 40,000 ppm, don haka lamba za ta tashi sosai sannan ta sauko a hankali. Sai ka kawo audugar da aka ɗiga wa turare ko man tsaftace hannu kusa da ita, kana riƙe da numfashinka. Ta gaske ba za ta damu ba. Ta bogi za ta yi tsalle zuwa dubbai.

Ta ƙura kuma, ka kyasta ashana ka kashe a nesa da ita kamar mita ɗaya, ka ga ko ta ji. Idan sensa da yawa ka saya, ka jera su kan tebur guda su kwana tare. Wadda ta bambanta da 'yan'uwanta ka rubuta bambancin a littafi, don kada gobe ka ɗora wa ɗaki laifin na'ura.

Mataki na 4: Haɗa sensa da allo

SCD41 waya huɗu take buƙata zuwa ESP32: wuta zuwa 3.3V, GND zuwa GND, SDA zuwa ƙafar allon da aka rubuta wa 21, SCL zuwa ƙafa ta 22. PMS5003 kuma 5V take sha saboda fankar cikinta, sai ka kai TX ɗinta zuwa ƙafa ta 16. Ka jona allon da kwamfuta, ka ɗora masa manhajar ESPHome, mai sa shi karanta sensa, ta burauzar Chrome, ka ba shi sunan rawuta da lambar sirri, Home Assistant zai gano shi da kansa.

Abubuwa uku ke tsayar da sabon shiga a nan. Igiyar USB ta caji kawai ba ta ɗaukar bayanai, kwamfuta ba za ta ga allon ba, sai ka canza igiya. ESP32 ba ya hawa Wi-Fi na 5GHz, sai na 2.4GHz. Na uku kuma ni kaina ya taɓa cin ni: na cusa allo da sensa cikin ƙaramin akwatin roba guda don aikin ya yi kyau a ido, sai ɗaki ya riƙa nuna zafi fiye da na gaskiya da digiri uku ko huɗu, ashe ɗumin allon take aunawa. Ka raba su da 'yar tazara, sensa a ƙasa allo a sama, ka huda akwatin ta gefe iska ta ratsa.

Rawuta da sensa da kwamfutar su zauna kan inbata ko batirin ajiya. Lokacin da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta shi ne lokacin da ka fi buƙatar lambobi, idan sensa ta mutu a daidai nan ka yi asarar abin da ka zo nema. Wasu fawa-bank suna kashe kansu idan abin da aka jona bai ja wuta sosai ba, ka gwada tukuna. Na fi son tsohuwar kwamfutar cinya a kan Raspberry Pi saboda tana da batirinta, shi kuwa yawan yankewar wuta na lalata masa katin ajiya. Kuma tunda komai a cikin gida yake, ko data ta ƙare aikin na tafiya.

Mataki na 5: Zaɓi wurin ɗaurawa

Tsayin numfashi ake bi: mita 1 zuwa 1.5 daga ƙasa, a bangon ciki. Kada ta kasance bakin taga ko ƙofa, ko inda esi ke hurawa, ko inda rana ke faɗowa, ko bayan labule da kabad. Kada kuma ta zauna daf da fuskar wani, ka ba ta akalla mita ɗaya daga kujera mafi kusa.

Sai ka sa guda a waje, mai auna zafi da laima da ƙura. Mutane na ganin wannan ɓarnar kuɗi ce, alhali ita ce rabin aikin, don ba za ka san ko buɗe taga zai gyara ko zai ɓata ba sai ka san abin da ke waje. Ka sa ta ƙarƙashin baranda inda rana ba ta kaiwa kwata-kwata. Kada ka dogara da cewa bangon arewa kullum inuwa ne: a nan Kebbi daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take bi da tsaka. Ka rufe ramukan akwatin da ragar sauro, in ba haka ba zanzaro zai gina ɗakinsa a bakin sensar, gizo-gizo ya ƙarasa sauran.

Mataki na 6: Maƙala mitar wuta

Idan ba ka iya aikin lantarki ba, wannan matakin ka kira mai aikin. Wutar 230V ba ta san sabon shiga ba.

Ka kashe babban makunni, ka tabbatar janareta da inbata ma a kashe suke, ka taɓa da testa. Ka fara jona wayoyin zoben da mitar kafin ka maƙala shi, don zoben da ke kan waya mai wuta alhali wayoyinsa a sake suke yana iya tara wuta mai haɗari. Sannan ka maƙala shi kan waya ɗaya tak, mai ɗauke da wuta. Wani yaron shagona ya taɓa kirana yana cewa, "Maigida, mitar nan matacciya ce, sifili take nunawa ga esi na aiki." Da na zo na tarar ya rungume waya mai wuta da ta dawowa duka biyu cikin zobe guda, ɗaya na soke ɗaya. Idan kuma lamba ta fito da alamar ragi, ka juya zoben.

Ka sa shi bayan makunnin sauya wuta, ta ɓangaren gida, don ya ƙirga komai ko daga layi wutar ta zo ko daga janareta ko sola. Idan kana da zobe na biyu, ka ba layin esi shi kaɗai.

Wanda ba shi da wannan mita, ya karanta mitar kati ƙarfe 7 na safe da 7 na yamma kullum ya rubuta, ya kuma rubuta litar man da aka zuba da awannin da janareta ya yi.

Mataki na 7: Mako biyu kana kallo, ba ka taɓa komai

Nan ne haƙurin mai gini ke ƙarewa. Ya kashe kuɗi, yana son ya ga fanka na kunna kanta. Ka lallashe shi. Idan ba ka san yadda ginin yake kafin gyara ba, ba za ka iya nuna cewa gyaran ya yi amfani ba, kuma za ka iya sayen maganin ciwon da babu shi.

A bar mutane su yi rayuwarsu yadda suka saba. Kai dai ka sa wani ya riƙa rubuta abin da ya faru da lokacinsa: an yi shara, an sa turaren wuta, an tayar da janareta, an yi taro mutum goma sha biyu, an tashi sallar Juma'a. Lamba ba tare da wannan littafi ba zane ne kawai mai hawa da sauka.

Mataki na 8: Karanta abin da ka tara

CO2 tukuna. Ƙasa da 800 iska na shiga sosai. Daga 1,000 ka fara lura. Idan ta wuce 1,500 ta zauna a can, ɗakin na buƙatar iskar waje da gaske. Ga lissafin da ke sa mutane su yarda. Babban mutum a zaune yana fitar da kusan lita 18 na CO2 a awa. Ɗaki mai mita 4 da 4 da tsayin mita 3 yana ɗaukar lita 48,000 na iska. Mutum biyar a ciki, lita 90 ke nan a awa, wato ƙarin kusan 1,900 ppm cikin awa guda da a ce ɗakin ba ya yoyo ko kaɗan. Ɗakunanmu na yoyo ta ƙasan ƙofa da luba, shi ya sa ba ya kai haka, amma ginin zamani mai tagar gilas da silin na siminti ba ya nisa da shi.

Na taɓa nuna wa wani shugaban ofis zanen hawan CO2 a ofishinsa, ya ce, "Malam, ai esi na kawo mana iska mai kyau." Na ce, "Yallaɓai, esi mai kai biyu iskar ɗakin yake juyawa yana sanyaya ta. Bututun da ya fita waje gas ne a ciki, ko cokali ɗaya na iskar waje ba ya shigowa da shi." Shiru ya yi, sannan ya tashi da kansa ya buɗe luba ta sama, muna tsaye lamba ta fara sauka.

Sai ƙura. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin PM2.5 a maikrogiram 15 cikin kowace kubik mita a matsakaicin yini, 5 kuma a matsakaicin shekara. Gaskiya da hunturu iskar wajenmu ta fi haka nesa ba kusa ba, don haka abin da za ka nema shi ne ciki ya fi waje tsafta. Ka kwatanta zanen ƙurar ciki da na waje. Idan tare suke hawa da sauka, ƙurar daga waje take. Idan na ciki ne ke tsalle shi kaɗai, ka duba littafi, za ka tarar turaren wuta ne ko maganin sauro ko suya ko shara da busasshiyar tsintsiya.

Ka san iyakar waɗannan ƙananan sensa. Sun fi ganin hayaƙi a kan ƙurar hunturu mai kauri, musamman PMS5003, don haka ranar da hazo ya rufe gari lambar da ta ba ka ƙasa take da gaskiya. Da damina kuma yawan laima na sa ta ƙara. Sannan yawan ƙura take ƙirgawa, ba ta san me ke cikinta ba. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ba abu ne da irin wannan sensa za ta tona ba. Inda ake wannan sana'a, gwajin ƙasa da na jini ake buƙata a hannun ma'aikatan lafiya.

Laima tsakanin kashi 40 da 60 ta fi daɗi. Idan da damina ta zauna sama da 70, ka duba bayan kabad da kusurwoyi, fumfuna na nan tafe.

Wuta kuma, ka fara da ƙarfe 2 na dare. Abin da gini ke ja lokacin da kowa ke barci ko ya tashi aiki shi ne ke nuna ɓarna: hita ta ruwa, kwamfutoci, fitilun baranda, firji mai lalatacciyar robar ƙofa. Sai ka kwatanta zanen cin wutar esi da zanen kasancewar mutum a ɗaki. Esi mai doki ɗaya da rabi yana jan kusan kilowat 1.2. Idan yana aiki awa 3 kullum a ɗakin da ba kowa, cikin ranakun aiki 22 ya cinye kusan yunit 79. Ka ninka da kuɗin yunit da ke rasit ɗinka, ka kai wa mai gini.

Mataki na 9: Gyara da hannu kafin ka ba na'ura iko

Mafi yawan ribar a nan take, kuma da araha.

Da bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, da sanyin safiya ake kama fara. Ka duba sensar waje: duk lokacin da waje ya fi ciki sanyi, yawanci daga asuba zuwa hantsi, a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna bango ya huce. Da waje ya zarce ciki a rufe, a saki labule a tagogin yamma. Esi a sa shi 25 ko 26 tare da fankar sama. Fanka wat 60 zuwa 75 take ja, amma tana sa jiki ya ji kamar an rage digiri biyu ko uku. Sa esi a 16 ba ya sa ɗaki saurin sanyi, hana kwamfuresa hutawa kawai yake yi. Wanda ba shi da esi, na'urar sanyi mai ruwa tana aiki sosai da bazara saboda bushewar iska, sai dai tana son taga a ɗan buɗe, kuma da damina ta faɗi amfaninta ya ragu.

Da hunturu a rufe ɓangaren arewa maso gabas inda iskar ke fitowa, a toshe ƙasan ƙofa, a shigo da iska ta ɗaya ɓangaren a lokacin da sensar waje ta nuna ƙura ta lafa. A yi goge-goge da jiƙaƙƙen tsumma, tsakar gida a yayyafa ruwa kafin shara. Ɗakin mai asma ko jariri ko tsoho ya cancanci na'urar tace iska mai matatar HEPA, wadda ke kama ƙananan ƙwayoyin ƙura. Idan babu, fanka mai kusurwa huɗu da aka liƙa wa matatar iska mai lambar inganci MERV 13 ta bayanta da tef tana rage ƙura sosai, sensar za ta nuna maka cikin rabin awa.

Turaren wuta ba zan ce a daina ba, al'adarmu ce kuma ba wanda zai ji. A turara ɗaki lokacin da ba kowa, a buɗe taga, a jira lamba ta sauko kafin a shigar da yara. Maganin sauro mai hayaƙi kuwa gidan sauro ya fi shi ta kowace fuska.

Mataki na 10: Yanzu ka sa ta sarrafa kanta

Ka fara da doka uku kawai a Home Assistant.

Ta farko, fankar bango mai fitar da iskar ɗaki waje ta kunna idan CO2 ta kai 1,200, ta mutu idan ta sauko 900. Wannan tazarar dole ce. Idan ka sa lamba ɗaya ga kunnawa da kashewa, fanka za ta yi ta fari-fari har ta ƙone. Ka tabbatar akwai inda sabuwar iska za ta shigo, kuma ba ta ɓangaren janareta ko masai ba. Ka ƙara sharaɗi: idan ƙurar waje ta yi yawa, fanka ta yi minti biyar kawai ta huta.

Ta biyu, idan ɗaki ya yi minti 15 ba kowa, esi ya mutu ta hanyar na'urar rimot. Kada ka yanke wa esi wuta da ƙaramin soket mai Wi-Fi. Yawancinsu ba sa jure jan wutar kwamfuresa, na ga waɗanda suka narke, kuma kwamfuresa na son hutun kamar minti uku kafin a sake tayar da shi.

Ta uku, fitilun baranda da banɗaki su bi motsi.

PIR motsi kawai take gani. A ɗakin karatu ko ofis inda mutum ke zaune shiru, za ta ɗauka ba kowa ta kashe masa esi, gobe ka zo ka tarar an zare ta an jefa a durowa. Irin wannan ɗaki rada ta fi dacewa da shi, don tana jin ko ɗan motsin numfashi. Ita kuma fankar sama da labule mai kaɗawa na ruɗa ta, har ta bango tana iya jin na ɗakin maƙwabta, sai ka rage mata nisa ka kawar da fuskarta daga fanka. Kowace doka ka bar makunnin hannu da zai fi ƙarfinta, ka kuma gaya wa mutanen wurin cewa waɗannan na'urori ba kyamara ba ne, ba sa ɗaukar hoto ko murya. A gidan aure wannan bayani ya zo kafin ka hau tsani.

Inda babu kuɗin duk wannan, ƙaramar fitila mai launi uku a bango ta isa: kore, rawaya, ja. A aji, ka ba ɗalibi ɗaya aikin buɗe taga idan ta yi ja.

Mataki na 11: Kulawa

Bayan mako biyu da gyara, ka kwatanta da mako biyun farko, amma ka kwatanta ranaku masu zafi iri ɗaya. Idan ka auna farko a Afrilu ka auna na biyu a Yuli, ruwan sama ne ya rage maka kuɗin wuta.

Da hunturu a wanke ragar esi duk mako biyu, a wanke fuskar sola da sassafe kafin ta yi zafi. Sensar ƙura a hure bakinta a hankali da 'yar robar hura iska, kada a sa ruwa ko a tsokane ta da tsinke. Ka saita ta ta riƙa farkawa duk minti biyar tana aunawa tana komawa barci, fankarta da fitilarta za su fi daɗewa.

Yawancin sensar CO2 suna gyara kansu ta hanyar ɗaukar mafi ƙarancin lambar da suka gani a 'yan kwanaki a matsayin iskar waje. A ofis da makaranta da ke zama fayau da dare wannan daidai ne. A ɗakin kwantar da marasa lafiya ko ɗakin kwanan ɗalibai da ba ya rabuwa da mutane, zai sa ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya. A irin wannan wuri ka kashe gyaran kai, ka riƙa fitar da ita waje duk wata uku kana saitawa da hannu kamar yadda aka yi a mataki na 3. Ƙararrawar CO kuma a danna maɓallin gwajinta ranar ɗaya ga kowane wata, a canza batir a ƙarshen Oktoba kafin sanyi ya shigo a fara neman gawayi.